BABI NA UKU: GIZO-GIZO MAI DAFI A GIDAJEN ƘASAR FAGAM, KAMANNINSA DA ƊABI'UNSA DA HAƊARINSA

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani ne a kan gizo-gizo mai dafi da ke zaune tare da mutane a cikin gida, wato yadda ake gane shi, da wuraren da yake maƙalewa, da yadda yake rayuwa, da kuma irin illar da cizonsa ke yi wa ɗan Adam. Har wa yau, za a dubi abin da Hausawa ke kira fitsarin tautau, domin a rarrabe tsakanin abin da gizo-gizo yake aikatawa da abin da ake ɗora masa alhali ba shi ya yi ba. Manufar babin ita ce a nuna cewa babban gizo-gizon da ake gani a jikin bango ana firgita, galibi ba ya cutarwa, shi kuwa wanda ya cancanci a kiyaye shi ƙarami ne, mai ɓuya, wanda yawancin mutane ba su san kamanninsa ba.

3.1 Yanayin Wurin da Aka Yi Nazari a Kansa

Fagam gari ne a Ƙaramar Hukumar Gwaram, wadda ke maƙwabtaka da Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu a kudancin Jihar Jigawa. Dukkan ƙananan hukumomin biyu suna ƙarƙashin masarautar Dutse, kuma sun yi iyaka da Jihar Bauchi. Kafin ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, wannan yanki yana cikin tsohuwar Jihar Kano ne. Yankin ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, yana da duwatsu da fadamu, kuma akasarin mutanensa manoma ne masu noma gero da dawa da gyaɗa da wake da riɗi, sai shinkafa a fadama.

Wannan bayani yana da muhimmanci ga nazarin saboda tsarin gidan manomi shi ne ke samar wa gizo-gizo mazauni. A irin wannan gida akwai rumbu, da akurkin kaji, da tarin kara da ƙirare, da randa da tulu waɗanda kan daɗe a wuri guda ba a ɗaga su ba, da turmi da tukwanen da aka kife, da danga ko zana. Duk waɗannan wurare ne masu duhu da inuwa, inda ruwa ba ya duka, kuma ƙwari na wucewa. Abin da gizo-gizo ke nema ke nan.

3.2 Gizo-gizo a Idon Bahaushe da Idon Masana Kimiyya

Bahaushe ya daɗe da sanin gizo-gizo. A tatsuniya, Gizo shi ne gwanin wayo da zamba, matarsa kuwa Ƙoƙi. A zahiri kuma, Bahaushe kan kira ƙananan da ke saƙa yana a kusurwar ɗaki gizo-gizo, manyan masu dogayen ƙafafu da ke gudu a jikin bango kuwa akan ce musu tautau. To sai dai wannan rabo ya dogara ne a kan girma kawai, bai shafi batun dafi ba.

Su kuwa masana ilimin halittu sun fitar da gizo-gizo daga jinsin ƙwari. Ƙwaro ƙafa shida gare shi, jikinsa kashi uku, kuma sau da yawa yana da fuka-fukai. Gizo-gizo kuwa ƙafa takwas gare shi, jikinsa kashi biyu, wato kai da ƙirji a haɗe sannan ciki, ba shi da fiffike, kuma dangi ne ga kunama da kaska. A shekarar 2022 adadin ire-iren gizo-gizo da masana suka raɗa wa suna a duniya ya kai 50,000. Kusan dukkansu suna da dafin da suke kashe abincinsu da shi, amma 'yan kaɗan ne ƙwarai waɗanda fiƙoƙinsu ke iya huda fatar mutum, dafin nasu kuma ya yi masa illa.

Alal misali, faffaɗan gizo-gizon nan mai launin toka da ke manne da bango kamar an shafe shi, wanda ke zabura da gudu a kaikaice idan an haska fitila, mafarauci ne na kyankyaso da sauro da fara, kuma ba a san shi da wata illa ga lafiyar mutum ba. Haka ma siririn nan mai ƙafafu kamar zare da ke rataye a saman ɗaki, wanda ke kaɗa yanarsa idan an taɓa ta. Ɗaya daga cikin waɗanda masana kiwon lafiya suke damuwa da su a gidajen ƙasashen Afirka masu zafi shi ne wanda sunansa na kimiyya Latrodectus geometricus.

3.3 Yadda Ake Gane Shi

Wani masani Bajamushe mai suna C. L. Koch shi ne ya fara siffanta wannan gizo-gizo a rubuce a shekarar 1841. Turawa suna kiransa da suna mai ma'anar bazawara mai ruwan ƙasa, saboda macen takan cinye namijin a wasu lokuta yayin barbara. A wannan nazari za a riƙa kiransa gizo-gizon bazawara. Ɗan'uwa ne ga baƙar bazawara ta Amurka da mai jan baya ta Ostareliya, waɗanda suka yi suna wajen ƙarfin dafi. Jinsin nasu baki ɗaya ya ƙunshi iri fiye da 30. Shi wannan mai ruwan ƙasa ya bazu a faɗin Afirka, kuma ya bi kayan fatauci ya isa Amurka da Asiya da Ostareliya.

Akwai alamomi huɗu da ake gane shi da su.

Alama ta farko ita ce girma da siffa. Jikin mace, ban da ƙafafu, bai wuce milimita 7 zuwa 10 ba, wato kamar ƙwayar wake. Cikinta a dunƙule yake kamar maɓalli, sumul, babu gashi mai yawa. Namiji kuwa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, kuma saboda ƙanƙantar fiƙoƙinsa ba a lissafa shi cikin masu haɗari.

Alama ta biyu ita ce launi. Launinta yakan kama daga ruwan toka mai haske zuwa ruwan ƙasa, wata ma har ta yi duhu ta kusa zama baƙa. A bayanta akwai zane-zane da ɗige-ɗige farare da baƙaƙe da ruwan lemo. Ƙafafunta suna da baƙin zobe a kowace gaɓa. Saboda wannan bambancin launi, ba a dogara da launi shi kaɗai.

Alama ta uku, wadda ta fi ƙarfi a jikinta, ita ce tambari mai ruwan lemo ko rawaya a ƙarƙashin ciki, mai siffar kalangu, wato faɗi a sama, faɗi a ƙasa, tsukakke a tsakiya. Da yake a kife take rataya a cikin yanarta, cikinta na kallon sama, mai haska tocila yana iya hango wannan tambari ba tare da ya taɓa ta ba.

Alama ta huɗu ita ce jakar ƙwai. Yawancin ire-iren gizo-gizo jakar ƙwansu sumul take. Ta wannan kuwa dunƙulalliya ce, fara ko mai ruwan madara, faɗinta kamar santimita 1, kuma jikinta duk tsinke-tsinke ne kamar ƙarangiya ko ɗan zaƙami. Sau da yawa akan ga jaka biyu ko uku ko fiye a jere cikin yana guda. Haƙiƙa wannan ita ce alama mafi sauƙi ga mutumin gida, domin ko uwar ta ɓuya jakar tana nan a fili. Duk inda aka ga irin wannan jaka, to uwar tana kusa.

3.4 Mazauninsa da Ɗabi'unsa

Gizo-gizon bazawara ba ya saƙa yana mai kyakkyawan tsari irin wadda ake gani a gona da sassafe. Yanarsa a hargitse take, zare ya ratsa nan ya ratsa can, amma zaren yana da ƙarfi ƙwarai, har mai sa tsinke a ciki zai ji yana tirjewa. A can kusurwa yakan saƙa wani ɗan lungu mai kauri, inda yake wuni a ɓoye. Da dare ne yake fitowa ya rataya a tsakiyar yanar yana jiran abinci. Idan ƙwaro ya faɗa, sai ya yi amfani da ƙafafunsa na baya, waɗanda ke da jerin gashi kamar matsefi, ya watsa masa zare mai danƙo ya ɗaure shi, sannan ya cije shi. Abincinsa ya haɗa da ƙuda, da tururuwa, da gyare, da kyankyaso, da buzuzu.

A gidan manomi, wuraren da ya dace a neme shi su ne ƙarƙashin kujera da benci, musamman kujerar roba mai lunguna a ƙasanta, da ƙarƙashin gado, da gindin randa, da cikin turmi ko tukunya ko bokitin da aka kife aka manta, da ƙasan rumbu tsakanin duwatsun da aka ɗora shi a kai, da tsohuwar taya, da amalanken da aka jingine tun bayan kaka, da bakin taga, da bangon makewayi, da takalmin da aka daɗe ba a sa ba. Abin lura a nan shi ne, galibin waɗannan wurare ƙasa-ƙasa suke, daidai inda hannun mace mai aikin gida da na yaro mai rarrafe ke kaiwa.

Dangane da hayayyafa, kowace jaka tana ɗauke da ƙwai kimanin 120 zuwa 150, kuma mace guda tana iya yin jaka har kusan 20 a rayuwarta. Ƙwan kan ƙyanƙyashe cikin mako biyu zuwa uku. Idan 'ya'yan suka fito, sukan saki siririn zare iska ta ɗebe su zuwa wani wuri. Ta haka ne gida guda da aka bar shi da tarkace kan zama tushen yaɗuwarsa zuwa maƙwabta. Duk da haka, kaɗan ne daga cikin 'ya'yan ke girma, domin suna cin junansu, kuma ƙadangare da tsaka da kaji da zanzaro duk suna farautar gizo-gizo.

Babbar ɗabi'ar da ta rage haɗarinsa ita ce tsoro. Idan aka taɓa yanarsa, yakan ruga cikin lungunsa, ko ya saki jiki ya faɗo ƙasa ya naɗe ƙafafu kamar matacce. Ba ya bin mutum, ba ya shan jini. Cizo kan auku ne kawai idan an matse shi a jikin fata, kamar lokacin da mutum ya cusa hannu ƙarƙashin kujera zai ɗaga ta, ko ya zura ƙafa a takalmi, ko ya rungumo ƙirare, ko ya sa rigar da ta kwana a rataye jikin danga.

3.5 Dafinsa da Alamomin Cizo

Dafin wannan jinsi yana ɗauke da wani sinadari da ake kira alfa-latirotoksin. Aikin sinadarin a kan jijiyoyin da ke kai saƙo ga tsoka yake. Yakan tilasta wa bakin jijiya ya zubar da ruwan saƙonsa gaba ɗaya a lokaci guda, sai tsoka ta ɗaure ta riƙa murɗawa, gumi ya riƙa tsattsafowa. Wannan dafi ba ya ruɓar da nama, kuma ba ya sa zubar jini.

A gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbobi, dafin mai ruwan ƙasa yana da ƙarfi, amma abin da take zubawa a cizo guda kaɗan ne idan aka kwatanta da baƙar. Wani likita a Afirka ta Kudu mai suna G. J. Müller ya buga nazari a shekarar 1993 a kan mutum 45 da wannan jinsi ya ciza, 30 baƙar ce ta cije su, 15 kuwa mai ruwan ƙasa. Ya gano cewa waɗanda baƙar ta ciza sun yi fama da ciwon jiki gaba ɗaya da murɗawar tsoka da gumi, su kuwa waɗanda mai ruwan ƙasa ta ciza, galibi abin ya tsaya ne a wurin cizon da kewayensa.

Saboda haka, abin da aka fi gani shi ne zafi kamar an soka allura ko an ɗiga wuta, da ɗan ja a wurin, wani lokaci da gumi a daidai wurin kaɗai, da kaluluwa a hammata ko matsematsi. Wannan kan lafa cikin kwana ɗaya zuwa uku. Amma akwai lokutan da dafin kan zarce, musamman ga ƙananan yara saboda ƙanƙantar jikinsu, da tsofaffi, da masu ciwon zuciya ko hawan jini. Alamomin zarcewar sun haɗa da ciwon da ke hawa daga wurin cizo zuwa baya ko ƙirji, da taurin ciki, da gumi sharkaf, da tashin zuciya, da rawar jiki, da wahalar numfashi. Yaro kuwa yakan yi ta tsala kuka ba ƙaƙƙautawa. Mutuwa daga cizon wannan iri abu ne mai wuyar aukuwa ƙwarai, sai dai wannan ba hujja ce ta sakaci ba, domin Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Wajibi ne kuma a bambanta wannan cizo da wasu guda biyu da suka fi shi yawa a karkara. Harbin kunama zafinsa nan take yake kai maƙura. Saran kububuwa kuwa yana kawo kumburi mai yawa da zubar jini daga dasashi ko daga tsohon rauni, kuma yana kisa idan ba a sami allurar kashe dafin maciji da wuri ba, shi ya sa ma ake da asibiti na musamman domin saran maciji a Kaltungo ta Jihar Gombe. Mutumin da wani abu ya cije shi cikin duhu, sannan wurin ya kama kumbura yana hawa, bai kamata a zauna da shi a gida da zaton gizo-gizo ne ba.

3.6 Batun Fitsarin Tautau

Sanannen abu ne a ƙasar Hausa mutum ya tashi da safe ya ga bororo ko ƙuraje a jere a wuyansa ko fuskarsa, masu raɗaɗi kamar ƙuna, sai a ce tautau ya yi masa fitsari. Ciwon gaskiya ne, amma binciken masana bai ɗora shi a kan gizo-gizo ba. Gizo-gizo ba ya fitsarin ruwa mai ƙona fata. Abin da yake fitarwa ɗan ɗigo ne fari mai kauri, irin wanda ake gani ya bushe a ƙarƙashin yana. Abubuwa uku ne aka sani suna haddasa irin wannan ciwo.

Na farko shi ne hangara, ƙwaron nan da ke cin furen gero wajen watan Agusta da Satumba, wanda kuma ke bin hasken fitila da dare. Jikinsa yana da sinadarin kantaridin, wanda ke tayar da bororo idan aka murje ƙwaron a kan fata. Na biyu wani siririn ƙwaro ne mai launin baƙi da ja, tsawonsa kamar santimita 1, wanda masana ke kira Paederus. Ya fi yawa a wurare masu laima kamar fadamun shinkafa, shi ma yana bin haske. Ba ya cizo, ba ya harbi, amma idan mai barci ya mare shi ya ja hannu, ruwan jikinsa kan bar layi a fata, sai bayan kwana ɗaya ko biyu layin ya yi ja ya tashi. Wannan jinkiri shi ke sa mutum ya manta da ƙwaron, ya ɗora laifin a kan tautau ɗin da ya gani a bango. Na uku kuwa cuta ce daga cikin jiki, wato ƙwayar cutar ƙarambau da ta kwanta a jijiya tun ƙuruciya ta sake tasowa, ta fito da ƙuraje masu zafi a gefe guda na jiki kamar ɗamara.

Amfanin wannan rarrabewa a bayyane yake. Wanda hangara ko ɗan'uwansa ya sauka a jikinsa, hure shi zai yi ko ya kaɗe shi da takarda, sannan ya wanke wurin da ruwa da sabulu nan da nan, kada kuma ya kai hannun idonsa. Mai ƙurajen ɗamara kuwa maganin asibiti yake bukata, kuma maganin ya fi aiki idan an fara shi cikin kwana uku na farko.

3.7 Taimakon Farko da Rigakafi

Idan gizo-gizon bazawara ya ciji mutum, abin da ya dace shi ne a wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi, a ba shi maganin rage zafi irin su farasitamol daidai da shekarunsa, a kuma sa masa ido. Idan an kashe gizo-gizon, yana da kyau a saka shi a kwalba ko ashana a tafi da shi, domin ma'aikacin lafiya ya gani. Bai dace a tsaga wurin da reza ba, ko a yi ƙaho, ko a tsotsa, ko a ɗaure gaɓar tamau, ko a zuba kananzir ko fetur. Waɗannan ba sa fitar da dafin, sai dai su jawo miki da gyambo, waɗanda sau da yawa sun fi cizon kansa illa.

Da zarar an ga ɗaya daga alamomin zarcewa da aka ambata a 3.5, ko kuma wanda aka ciza yaro ne ƙarami, ko tsoho, ko mace mai juna biyu, to sai a garzaya asibiti mafi kusa. Babban asibitin da ke wannan yanki shi ne Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Abin da likitoci kan yi shi ne ba da maganin zafi mai ƙarfi, da na sassauta tsoka, da duba numfashi da bugun jini, da allurar rigakafin tetanos idan da bukata. Akwai allurar kashe dafin wannan jinsi da ake haɗawa a ƙasashe irin su Afirka ta Kudu da Ostareliya, amma cizon mai ruwan ƙasa ba kasafai yake kai ga bukatarta ba.

Game da rigakafi, wanda Hausawa suka ce ya fi magani, hanyoyinsa ba sa bukatar kuɗi. A riƙa kifa kujeru da benci ana share ƙarƙashinsu da tsintsiya a kai a kai. A riƙa ɗaga randa da tukwane ana duba gindinsu. A nisanta tarin kara da ƙirare daga ɗakin kwana. A kakkaɓe takalmi da tufafi da tabarma kafin a yi amfani da su. Kada a cusa hannu inda ido bai gani ba, musamman a ƙasan rumbu. Idan an ga jakar ƙwai mai tsinke-tsinke, a ciro ta da dogon kara a murƙushe ko a jefa a wuta, domin feshin maganin ƙwari ba ya ratsa jakar sosai. Bugu da ƙari, a nuna wa yara wannan jaka da tambarin kalangun nan, a gargaɗe su kada su yi wasa da su.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an bayyana cewa gizo-gizon da ke da haɗari a gida shi ne Latrodectus geometricus, kuma ana gane shi ta dunƙulallen ciki, da tambari mai siffar kalangu a ƙarƙashin cikin, da hargitsattsiyar yana mai ƙarfi, da jakar ƙwai mai kama da ƙarangiya. An nuna cewa matsoraci ne, ba ya cizo sai an matse shi, kuma cizon nasa galibi a wurin yake tsayawa, duk da cewa yara da tsofaffi na bukatar kulawa ta musamman. An kuma fayyace cewa abin da ake kira fitsarin tautau aikin hangara ne da dangoginsa, ko kuma tasowar cutar ƙarambau. Babi na gaba zai dubi kunama, wadda harbinta ya fi cizon gizo-gizo yawan aukuwa a gidajen karkara.